Ranar Da Aka Kama Ni Zan Fitar Da Ƙasa Waje

Jama'a, ku taya ni murna, na zama babban mutum. Ni Mati ɗan acaba na bakin tashar Daura, wanda ko a wurin ɗaurin aure sai an gama rabon goro ake tunawa da shi, ni aka tsare a hanya bisa zargin zan fitar da ƙasa waje. Ƙasa fa! Irin laifin nan da sai masu babbar riga ke iya shi.

Ga yadda aka yi. Kawuna Kalilu, yayan mahaifiyata, ya tafi fataucin goro Kumasi ta ƙasar Gana tun ban zo duniya ba, bai sake waiwayo gida ba. Watan jiya aka bugo waya cewa ciwo ya kwantar da shi, ba ya ci ba ya sha, abu ɗaya kawai yake maimaitawa: a kawo masa ƙasar gida a jiƙa ya sha. Kun dai san yadda tsofaffinmu ke yi wa wanda begen gida ya kama. Mahaifiyar tawa, Inna Haulatu, ta durƙusa a tsakar gidan da aka haife su, ta kankaro kwano guda, ta ƙulle a tsumma. Ta ce, "Mati, ka kai masa da ransa. Ban taɓa roƙonka komai ba sai wannan."

Maƙwabcina Amadu, wanda ya taɓa tallan turare a Kwatano har ya tsinto Faransanci, ya ce zai hau bayana. Shi ya ba da shawarar mu bi ta Nijar, mu faɗa Benin, mu ratsa Togo. Na ce, "Haba Amadu, ƙasa uku?" Ya ce, "Ƙasa uku na mutane sun fi jiha uku namu saurin ratsawa, ka dai ƙirga shingaye." Na tashi na tafi neman mai.

Kwana biyu na yi a layin mai, mutum yana can yana jiran rai ko mutuwa. Da layi ya zo kaina, yaron famfo bai ma kalle ni ba, manaja ne ya leƙo ya ce mai ya ƙare. Sai wurin 'yan bumburutu na cika tanki.

Ba mu kai iyaka ba sai da muka wuce katako mai ƙusoshi har shida. A na bakwai muka tarar da Yallaɓai, babban jami'in shingen, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ƙara wa maɓallan rigarsa haƙuri. Ya zunguri ƙullin da sanda.

"Mene ne wannan?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe."

"Ina za ka kai ta?"

"Waje."

Wallahi sai da ya miƙe tsaye. Ya kira na ƙasa da shi, ya ce su zo su ga ikon Allah, ga mutum ya faɗa da bakinsa. Na yi bayanin Kawu, na yi na Inna, Amadu ya rantse har sau uku. Yallaɓai ya murza ƙasar a tafin hannunsa, ya ɗaga ta saitin rana, ya ce shi ba yaro ba ne, ba mai tuƙa babur har Gana saboda turɓaya, akwai zinariya a ciki. Don haka hukuma za ta riƙe rabi domin bincike. Hukumar kuwa aljihun wandonsa ce.

Muna tsaye ana wannan binciken, tanka uku suka zo cike da man da aka ce mana ya ƙare, hancinsu na kallon iyaka. Da gudu aka janye katako, Yallaɓai ya ƙame ya sara musu. Ni fa ban ce komai ba. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ɓarawon akuya a unguwarmu bai ƙara samun natsuwa ba, kuma mun ce madalla. Ina dai neman malamai su yi mana bayani, ko abu in ya kai girman tanka sunansa canjawa yake.

Wuni guda cur muka rasa a nan. Daga Matamaye har Doso kuwa man ƙasarmu ne jere a kwalabe a bakin titi, ba layi, ba rantsuwa, har da sannu da zuwa. A Tasawa wani jandarma Bahaushe ya buɗe ƙullin, ya kalle ni ya ce, "Wa ke kwance?" Na ce kawuna. Ya ƙulle da kansa ya ce mu yi sauri. Sai da hawaye suka zo mini.

Kada ku ce na yabi baƙi. Jandarman Malanbil, a mashigar Benin, ya ɗebi nasa, wai tun da na gida sun taɓa, lallai da wani abu. Na Togo har ɗanɗanawa ya yi, ya tofar, amma bai mayar da abin da ya ɗiba ba. Taya ta fashe mana sau biyu, ruwan sama ya yi mana duka a garin Jugu na Benin, na cusa ƙullin cikin riga ina kare shi kamar jariri. Ƙugun Amadu har yau bai miƙe ba.

Rana ta shida muka shiga zangon Kumasi. Kawu na da rai, alhamdu lillahi, amma ya zama ƙashi da fata. Matarsa ta kawo ruwa a moɗa, na kwance tsumman. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Kunya ta kama ni, na kasa ɗaga kai.

Aka jiƙa, aka tallafo shi ya sha. Ya lumshe ido ya daɗe, sannan ya ce, "Ita ce. Ta bakin rijiyarmu ce." A ranar ya nemi koko, abin da ya yi mako biyu bai sa a baki ba.

Da yamma ya kira ni, ya kalli tsumman ya ce, "Ɗan Haulatu, uwarka ba marowaciya ba ce. Iyakar ƙasar ke nan?"

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Abin da manya suka rage mana ke nan."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni dai ban yi ba, don ba wasa nake ba.