Rasuwar Mai Ƙaho Huɗu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, maigidan nan mai koyar da tuƙin mota, wanda ɗalibansa suka fi sani da Malam Birki, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta na sama da na ƙasa, rasuwar rautar gidansa, wato na'urar nan da ke raba wa kowa intanet ba tare da an ja igiya ba, wadda iyali ke kira Mai Ƙaho Huɗu. Ta cika ranar Asabar da yamma a kan ɗan katakon da aka kafa mata a bango, falo cike da baƙi, bayan doguwar jinya wadda kowa a gidan ya san girmanta in ban da shi.

Marigayiya ba tsintar ta aka yi a hanya ba. Malam Birki mutum ne da ko tsintsiya zai saya sai ya juya ta ya duba ɗaurinta. Lokacin da babbar 'yarsa, wadda tun tana ƙarama ake ce mata Injiniya, ta sami gurbin karatu a wata ƙasa mai nisa, ya ce ba zai yarda ya riƙa jin muryar 'yarsa tana tsinkewa kamar zaren da ya ruɓe ba. Ga gidan kuwa tarkace iri-iri: talabijin ta falo mai son fim ba tsayawa, kwamfutar matarsa ma'aikaciyar jinya, na'urar wasan Auta, tsohuwar firintar da yake buga wa ɗalibai alamomin hanya, sai wayar mahaifiyarsa, Kaka, wayar da ta tsufa har bayanta ya koɗe. Ya yi ta zaga kantuna da wayar Kaka a aljihu. Duk rautar da aka yabe ta, sai ya ce a kunna, ya gwada. Wadda ta raina wayar tsohuwa ta ƙi kama ta, ko farashinta ba ya tambaya.

A kanti na ƙarshe ne ya haɗu da marigayiya, baƙa, mai sheƙi, ƙahoninta huɗu a tsaye. Mai kanti ya ce, "Wannan hanya biyu gare ta, Malam. Ɗaya tana tafiya a hankali, amma tana kaiwa nesa, har bango take ratsawa. Ɗayar gudu gare ta, sai dai ba ta son nisa."

Malam Birki ya ce, "Ka gama magana. Layin manyan motoci da layin masu sauri ke nan. Naɗe min ita."

Da hannunsa ya kafa mata katako a tsakiyar gida, can sama, a lungun da ya raba falo da ɗakuna. Ya hana a ɓoye ta bayan talabijin, ya hana a sa ta kusa da firji, ya hana matarsa lulluɓa mata ƙyallen ado. Ya ɗora talabijin da na'urar wasa a layin sauri, ya tura firinta da wayar Kaka layin masu haƙuri, ya tsaya yana kallon fitilunta kore suna ƙiftawa kamar yadda yake kallon ɗalibin da ya iya ajiye mota tun gwajin farko.

Duk wanda ya zauna da marigayiya a shekarun ƙuruciyarta zai shaide ta. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta ɗan gurnani ne, "mmmm", wanda sai ka kara kunne kake ji. Ba ta nuna bambanci tsakanin sabuwar waya da tsohuwa. Ta ɗauki fim a falo, da ƙwallon Auta a ɗaki, da karatun matar gida a kan tebur, duk a lokaci guda, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ta ratsa bangon ɗakin Kaka mai kauri ta kai mata muryar jikarta. Ta hannunta Malam Birki ya ga ɗakin kwanan 'yarsa, ya ga ta rame ya yi faɗa, ya ga ta murmure ya yi shiru. Kowace Lahadi yakan hau kujera ya goge mata ƙura, ya daidaita ƙahon da ya karkace. Matarsa ta taɓa cewa da ita ake kula wa haka, da ba ta san ciwon baya ba.

Ciwon ajali ya fara ne da zazzaɓi. Jikinta ya riƙa ɗaukar zafi, gurnaninta ya koma siririn kuka, "ƙiiii". Ana tsakiyar fim sai hoto ya daskare, wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa a kan hancin jarumi. Auta ya yi ƙorafi, matar gida ta yi, har Kaka ta aiko a tambaya ko an yi mata laifi ne aka yanke ta. Malam Birki ya ɗora laifin a kan kamfani, ya ɗora a kan hadari, ya ɗora a kan yaran zamani marasa haƙuri. Maganinsa ɗaya ne: ya zare filogi, ya ɗan jira, ya mayar. Da aka ce a sayi sabuwa, ya ce shi motar da yake koyarwa da ita ta girmi Auta, kuma ba ta taɓa kunyata shi ba. Ya sayo ƙaramar fanka ya kafa mata a gefe.

Sai kuma ƙorafi ya ɗauke ɗif. Ba mai kuka, ba mai tsaki. Wayarsa tana kamawa garau, firinta tana aiki ba gardama. Ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Har a wurin aiki ya riƙa ba ɗalibai misali da ita, yana cewa inji ba ya mutuwa sai mai shi ya fara fid da rai. Bai san abin da ya faru ba shi ne, ranar da matarsa ta kai Auta wurin likitan haƙori da ke zaune a benen samansu, ba haƙori kaɗai aka cire ba, har da lambar sirrin rautar likitan aka sauko da ita. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu suka koma can. Marigayiya ta samu sauƙi ne don babu wanda ya rage a kanta sai shi da firinta. Talabijin kuwa, da an ji ƙarar motarsa a ƙofar gida, sai Auta ya yi maza ya maido ta gida, ta zauna kamar ba ta taɓa leƙa waje ba.

Ranar Asabar ɗin ita ce ranar yaye su Injiniya, kuma makarantar za ta nuna bikin kai tsaye. Tun da sati ya kama 'yar ta kira ta ce, "Baba, in na karɓi takardata ka zuba ido sosai. Akwai abin da zan yi, naka ne kai kaɗai." Ya gayyaci ƙannensa, da surukai, da abokan aiki, har da tsofaffin ɗalibai. Aka aro kujeru. Da safe matarsa ta same shi yana goge ƙahoni, ta ce a hankali, "Baban yara, ko mu roƙi likita ya ara mana nasa na yau kaɗai, saboda tsaro?"

Ya juyo daga kan kujera ya dube ta. "A ranar 'yata zan je roƙo? Wadda ta kai mu farkon karatun ita za ta kai mu ƙarshensa."

Baƙi suka cika falo. Duk wanda ya zauna sai ya tambayi lambar sirri, shi kuma ya faɗa da ƙarfi, yana murmushi, har da maimaitawa saboda na baya. Wayoyi suka hau kan marigayiya kamar fasinjoji a motar ƙarshe. Ta ɗauka. Ta jure jawabin shugaban makaranta, ta jure na babban baƙo wanda ya ƙi ƙarewa, ta jure ɗaruruwan 'ya'yan wasu. Sai da layin su Injiniya ya miƙe tsaye, Kaka ta gyara zama ta ce ga ta can, sannan hoto ya daskare a kan wani dattijo da ya buɗe baki zai yi hamma. Daga lungu aka ji "ƙiiii" mai tsawo, sai "ƙas". Waɗannan su ne kalamanta na ƙarshe.

Malam Birki ya ture kujeru ya ruga. Ya hau, ya ga fitilu sun mutu duka, ya ji ƙauri. Ya zare filogi, ya hura mata iska da bakinsa, ya jijjiga ta, yana ce mata ba yau ba, don Allah ba yau ba. Yana cikin haka falo ya kaure da ihu da tafi. Ya diro ya koma da gudu. Hoto ya dawo tangaran, amma abin da ya samu shi ne bayan rigar 'yarsa tana sauka daga dandamali. Mutane suna ta dariya, wasu suna share hawaye, ƙaninsa yana dukan kafaɗarsa yana cewa, "Yaya, ka ga abin da ta yi? Ka gani?"

Bai gani ba. Amma duk da haka zuciyarsa ta yi sanyi, don a zatonsa marigayiya ce ta yi ta maza ta farfaɗo. Ya buɗe baki zai yabe ta, sai ya ji abu a hannunsa. Ya duba. Filoginta ne, igiyar tana reto. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi talabijin, a kusurwarta ga ɗan rubutu bai gama ɓacewa ba: an haɗa da Murmushi. Ba wanda ya taɓa rimot. Ita da kanta ta san hanya.

Ya tambaya waye Murmushi. Matarsa ta sunkuyar da kai tana gyara kofuna. Auta ya tuna yana da aiki a waje. Kaka ce ta amsa, ko ɗaga ido daga allon ba ta yi ba: "Sunan rautar yaron nan ne mai cire haƙori. Ai mun daɗe da komawa sama. Matsa, ka tare min."

Malam Birki yana so jama'a su sani cewa ya yi rashi biyu a yini ɗaya, kuma har yanzu bai tantance wanne ya fi ciwo ba. Wadda ya tsaya wa, ya yi faɗa da iyalinsa saboda ita, ta zaɓi daidai lokacin da ya fi bukatarta ta tafi ba sallama. Waɗanda kuma yake ci da sha da su sun yi watanni suna kallonsa yana hawa kujera da tsumma, suna ce masa sannu da ƙoƙari. Matarsa ta ce tausayinsa suka ji. Ya ce da sun tsane shi da sun gaya masa gaskiya. Mai gyara ya buɗe cikin marigayiya washegari, ya shinshina, ya mayar da murfi, ya ce a yi haƙuri.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta, wadda ita kaɗai ta riƙe amana har ƙarshe, kuma tun ranar ba ta buga ko layi ɗaya ba. Ta bar wayar maigida, marainiya. Ta bar ƙaramar fanka, wadda aka manta ba a kashe ba, tana ta yi wa katako fifita. Ta kuma bar talabijin, da kwamfuta, da na'urar wasa, waɗanda ba a sa su cikin masu karɓar gaisuwa ba saboda dalilan da aka ambata.

Injiniya ta turo hoton bidiyon bikin. Ya ƙi kallo, ya ce abin da ya wuce shi ya wuce shi. Ya yi kwanaki yana cin abinci ba ya magana, yana amsa gaisuwa da ka. Rannan da hantsi, yana shirin fita, Kaka ta kira shi ɗakinta. "Zauna nan," in ji ta. "Ba tambayarka nake ba." Ta miƙa masa wayarta. Ya ga alamar intanet a cike a saman allon, ya san daga inda ta fito, ya haɗiye. Aka kira sunan 'yarsa. Ta karɓi takarda, ta tako tsakiyar dandamali, ta tsaya cak, ta dubi hagu, ta dubi dama, ta leƙa madubin da babu shi, sannan ta kai hannu gefe ta ja birkin hannu a iska, ta ɗago ta yi wa kyamara dariya. Malam Birki ya miƙa wa Kaka wayar. Abin da ya ce shi ne, "Inna, a sake."

Za a yi sutura gobe da safe. Maigida zai goge ta da busasshen tsumma, ya kwantar da ƙahonin huɗu, ya naɗe mata igiyarta, a sa ta a kwali a ɗora saman kabad, kusa da tsohuwar rediyon mahaifinsa. Ba a bukatar masu ɗauka. Shi kaɗai zai hau. An gode wa likitan haƙori da saƙon ta'aziyyarsa, an kuma yafe masa halarta. Batun magajiya sai an gama makoki. Matar gida ta nemi a tafi da ita kanti wannan karon. Ba a ba ta amsa ba tukuna, sai dai an ga maigida yana kwashe takardu daga kujerar gaba ta mota.

Za a karɓi gaisuwa a falo daga hantsi zuwa yamma. Wanda ya zo ya ga wayar wani ɗan gida tana aiki lafiya lau, ana roƙonsa ya yi addu'a ya tashi, kada ya tambayi lambar sirri. Mai makoki yana zaune a wurin, kuma yana ji.