Gidan Kellu Mai Dalbejiya a Ƙofa

"Lafiya lau, sai gajiyar jiranka, raggon miji," in ji Kaka Kellu, tana gyara laffaya.

Jikanta Suleiman ne ya zo Gomari ɗaukarta. Labari ya iske ta an sayar da gidan da aka kai ta amarya a Shehuri, za a rushe a zuba siminti. Ita kuwa ta rantse sai ta ƙara ganinsa, ga ido ya yi rauni. Tasi ya sauke su a Dandal, suka kutsa lungu a ƙafa.

"Wace irin mata ce ke jan angonta zuwa gidan tsohon miji?" in ji Suleiman.

"Kishi kake da na kabari? Shi ya gina soro, kai ko akurki ba ka da shi."

Suka wuce zauruka na jan bulo da katangu masu kauri, tana shafa kowace kamar mai tayin akuya.

"To, mene ne alamar gidan?"

"Dalbejiya a ƙofa. Malam ya dasa da hannunsa."

"Kaka, a Maiduguri? Ai ko gidan kurkuku da dalbejiya a ƙofa!"

"A zamaninmu ita kaɗai ce a layin, ɗan nema."

Can ta ci birki gaban wani soro, ta ɗaga hannu ta fara yi wa marigayi addu'a har da ƙwalla. Suleiman ya bari ta shafa, sannan ya ce, "Amin. Sai dai nan injin niƙa ne."

"Ƙarya kake, mai kunnen jemage!"

Injin ya tashi, gir-gir-gir. Kellu ta juya za ta tafi. "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu koma."

"Ni ba na mayar da amarya da kuka. Taho."

Ya ja ta wani lungun, zuwa wata ƙofa gajeriya, ba ko kututture a gabanta. Sabon mai gidan ya leƙo.

"A'a, saurayin jiya! Amaryar ke nan? Hajiya, da yau magina za su fara rushewa, yaron nan ya wuni yana tambaya gida-gida, ya zo ya tsugunna ya roƙe ni, sai na ɗaga musu ranar."

Kellu ta sunkuya ta shiga. Hannunta da kansa ya lalubo ramin bango inda take ajiye kaskon turare. Ta kai hanci, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Kin ga kishiyoyin kirki," in ji Suleiman. "Shi ya gina, ni na tsayar."

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta kwance bakin laffaya ta ɓare goro.

"Ka ci gari, angona. Allah ya yi maka albarka. Ungo."

"Ɓari ɗaya? Marowaciya!"

Ta sa ɗayan a ramin bangon. "Wannan na mai gida ne. Ya riga ka."