Lambar Kujerar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da kujerar surukina, kuma ko da na so in manta, tsofaffin Shagari da suka ga abin da idonsu ba su bar ni ba har suka ƙare.

Lokacin ina ƙaramin malami a makarantar elementare ta Boɗinga, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aurena da Hajo ko shekara bai rufa ba. Mahaifinta malamin allo ne a Shagari, dattijo mai kwarjini wanda har yau bakina ba ya iya kama sunansa, don haka Malam zan riƙa cewa. In na je gaisuwa, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi in tsuguna, idona a ƙasa. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Buzun da yake zama a kai kuwa, kewaye shi nake yi ko ba ya nan.

Kujerar wani Bature mai aikin gina rijiyoyi ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, don sun saba. Ni dai ban taɓa ganin irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Baƙin katako mai sheƙi, da fata mai laushi, da wani ɗan hannu na ƙarfe a gefen dama. In Malam ya ja hannun nan sai bayanta ya kishingiɗa a hankali, wani matakin ƙafa ya fito daga ƙarƙashi shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi, ya ɗauki ƙafafun Malam. Har daga Lambara mutane ke zuwa da sunan gaisuwa, alhali kujera suka zo kallo. Ni da nake tsayawa gaban yara ina bayyana musu yadda jirgin ƙasa ke tafiya (ban taɓa shiga ba), duk lokacin da na ga matakin nan ya fito sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Amma ga Malam ba abin kallo ba ce. Yana fama da fuka. In ya kwanta a miƙe numfashinsa sarƙewa yake yi, in ya zauna a tsaye ciwon baya ya hana shi sakat. A kishingiɗen kujerar nan kaɗai yake samun barci. To, sai wani ƙarfe mai haƙora da ke riƙe ta a tsakiya ya karye. Ta koma ko dai a tsaye cak, ko ta tafi baya gaba ɗaya. Maƙerin gari ya duba ya ce ba ya taɓa abin da bai ga yadda aka ƙera shi ba. Hajo ta je gida ta dawo idonta ya yi ja.

"Baba ba shi kwana," in ji ta. "Bango shika jingina da shi har asuba, duk ya zube. Kai da kas san boko, ba ka yin wani abu?"

Kalmar nan ta "kai da ka san boko" ita ta kai ni ta baro. Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ƙaramin abu ne.

Na hau lori zuwa Sakkwato, na shiga babban kantin kamfani inda ake yin odar kayan Turawa. Na yi wa akawun bayani har da kwatance da hannu. Ya saurare ni ya gama, sannan ya buɗe wani littafi na hotunan kujeru ya ce in nuna tamu. Na nuna ta farko da ƙarfin gwiwa. Da ya juya shafi na ce a'a, wannan ce. Da ya sake juyawa sai na ga ita ma kamar tamu ce.

"Ka gani ko, Malam?" ya ce. "Kamanninsu guda, cikinsu daban. In ba ka kawo lamba ba, ƙarhen da za a aiko daga Ikko ba shi shiga. Lambar tana bisa ƙarhen da ka tura matakin ƙahwa, kuma sai kujera ta kwanta sarai taka hitowa."

Ranar da ba makaranta na sa babbar rigata ta aure, na hau keke sai Shagari. Na tarar Malam ya lallaɓa maƙwabta gaisuwar rasuwa, zaure ba kowa sai ni da kujera. Na yi hamdala. Na ja hannun ƙarfen, na danna bayanta da ƙarfi, matakin ya fito. Da na saki na zagayo in leƙa, sai ta koma tsaye, matakin ya shige. Na sake, ta sake. Na danna da hannu ɗaya ina miƙa wuya, tsawona bai kai ba. Nan na gane sai da nauyin mutum a kanta take tsayawa a kwance.

Yanzu kowane mai hankali ya san abin da ya kamata in yi: in jira Malam. Ni kuwa so nake ya dawo ya tarar na gama, in miƙa masa lamba ina tsugune, ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba. Na leƙa waje, ba kowa. Na yi istigfari a zuci, na ɗosana a mazaunin surukina.

Gaskiya zan faɗa, na ɗan lokaci na manta da abin da ya kawo ni. Fatar nan ta karɓe ni ta ko'ina. Ban san akwai zama irin wannan a duniya ba, ni da na tashi a kan tabarma da benci. Na yi tunanin mutanen da suka zauna can wata ƙasa suka auna bayan ɗan Adam har suka ƙera wannan abu, na ce lalle Allah ya ba bayinsa basira. Cikin wannan tasbihi na ja hannun.

Ba a hankali ta tafi ba. Gaba ɗaya ta kwashe ni. Hulata ta yi nata wuri, kaina ya yi ƙasa, ƙafafuna suka yi sama suna fuskantar ƙofar zaure, babbar riga ta zamo ta taru a wuyana. Matakin ya fito sarai, lamba kuma babu shakka ta bayyana. Sai a lokacin tambayar da ya kamata in yi tun farko ta zo mini: in ni ne a sama, wa zai karanta abin da ke ƙasa? (Ni ne fa nake koyar da lissafi.) Na yunƙura in tashi, na kasa. Na ja hannun, ya ƙi. Ina cikin wutsil-wutsil na ji muryoyi a ƙofa.

Malam ne ya fara shigowa, liman na biye, sai Baba Dikko, wani tsohon abokinsa Bafillace da ba ya raga wa kowa. Abin da suka fara gani shi ne tafin ƙafafuna biyu, da ƙurar hanyar Boɗinga a jikinsu.

Jikina ya so ya tsuguna kamar yadda ya saba, ba hali. Bakina kuwa, da bai san halin da ake ciki ba, sai ya kama aikinsa. Daga can ƙasa, ta tsakanin ƙafafuna, na ji kaina ina cewa, "Allah shi gafarta Malam, ina wuni?"

Baba Dikko ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Malam kuwa ko gezau. Ya amsa lafiya lau, ya tambayi mutanen Boɗinga, ya tambayi makaranta, ya tambayi gajiyar hanya, duk da muryar da ya saba, kamar a tsugune nake.

Liman ya matso zai ɗago ni. Wallahi ba abin da nake so a duniya lokacin kamar a ɗago ni, in hau kekena, in nemi canjin wurin aiki zuwa Barno. Amma da na dubi Malam daga ƙasa sai na ga yadda idanunsa suka faɗa, na ji yadda ƙirjinsa ke kuka a kowane numfashi. In na tashi lambar ta shige.

"Allah shi gafarta Liman, kada a tashe ni," na ce. "Lambar da anka ce a kawo ta hito, tana nan ƙarƙashin ƙahwahuna. In na tashi ɓacewa takai."

Malam ya dube ni, sannan ya ce, "Ku bar shi. Aiki shikai."

Ya ɗauko wankakken allo da tawada da alƙalami. Ina kallo, dattijon nan da manyan gari ke tuɓe wa takalmi ya tattara rigarsa, ya durƙusa a ƙasa daidai ƙarƙashin diga-digaina, ya kwantar da kai ya leƙa. Bai san baƙin boko ko ɗaya ba, zana su ya riƙa yi yadda ya gan su. Ina jin ƙarar alƙalami a kan allo da shessheƙar numfashinsa. Na rufe ido. Kunya ta kai inda ba ta da gaba, sai wani abu ya maye gurbinta, na ji hawaye na gangarowa, kuma saboda yadda nake kwance, cikin kunnuwana suka riƙa shiga. Da ya gama ya ɗago allon saitin fuskata.

"Diba, haka take?"

Na karanta, na ce ta yi kama da abin da akawu ya kwatanta. Sannan liman da Baba Dikko suka taru suka danna matakin, kujera ta tofo ni. Na zube a tsugune, na ƙi ɗaga kai.

"Malam," in ji Baba Dikko yana share ido, "yau na ga surukin da anka durƙusa ma."

"Ɗana na," Malam ya ce. Bai ƙara ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Allon nan na rungume har kantin Sakkwato. Akawu ya duba, ya buɗe shafin da ban ko nuna ba, ya ce ga ta. Bayan 'yan makonni ƙarfen ya iso, maƙeri ya ɗaura shi, ya shiga daidai kamar da shi aka haife ta. Ranar na tsaya a bakin zaure da hantsi ina kallon Malam a kishingiɗe, carbi ya zame daga hannunsa, yana barci har da minshari. Na daɗe a wurin ban motsa ba.

Da na koma gida na ba Hajo labarin tun daga farko, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, sannan ta ce, "Amma mi ya hana ka aza buhun gero bisa? Ga su nan tuli cikin gida."

Abin da na koya dai shi ne, duk inda aka ce aiki na bukatar nauyi, kafin in miƙa kaina sai na fara tambaya ko akwai buhun gero a gidan.