Ranar da Na Gyara Zoɓon Kansila

Shekarar da sojoji suka koma bariki, maƙwabcinmu a Sabon Garin Wudil ya ci kansila, aka shirya walima. Matata ce ta haɗa zoɓo, sai tsami ya yi masa yawa. Ni kuwa malamin kimiyya ne, aikina ke nan faɗin abin da zai fito in sinadarai sun haɗu.

Na ce, "Maman Sadiya, matsa ki ga ilimi. Tsami in ya gamu da kanwa, gishiri da ruwa kawai ake samu."

Na ɗura ruwan kanwa a jarkar, na ɗaure murfi tamau, na girgiza, na kai gaban Kansila da kaina. Abu ɗaya na manta: haɗin yana fitar da iska.

Ina buɗewa zoɓo ya yi tsiri, ya wanke masa farar shadda har hula. Ya share gemu ya ce, "Malam, ashe kai ɗan adawa ne?"

Ni dai ban yarda na yi kuskure ba. Tsamin ya mutu, a tambayi Kansila, ai ya ɗanɗana. Amma har yau ko rake na tsaya saya a bakin gada, sai wani ya ce, "Masu fararen kaya a matsa, ga Malam Gishiri-da-Ruwa!"