Mutanen Mujtaba Sun Tafi Makka

"Lafiya lau, angon ƙarya. Ina bunnin gahawar da na aike ka ka sayo mini?"

Tsohuwa Atine ce take amsa gaisuwar jikanta Mujtaba a tsakar gidansu da ke Gadarif, shekarar da Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Yana zaune bakin gado, kwamfuta a cinya, idanu jajur. Bincikensa na jami'a a kan sikila ne. Ya zuba ɗige-ɗige a taswirar jiha, kowane ɗigo mutum, suna aure suna haihuwa, don a ga yadda cutar ke bin jini. Amma duk lokacin da ya kunna, kafin a jima taswira ta koma fayau, ba kowa. Gobe zai kai wa malamarsa aikin a Hartum. In ya je da farar taswira, shekara ta tafi a banza.

"Habboba, kakata, bar ni da bunni. Mutanena ne suka ɓace."

"Mutanenka? Kai da ko akuya ba ka ajiye ba?"

"Dubbai ne, duk sun fi ki jin magana."

"Shi ya sa suka gudu. Ko annoba ce?"

"Haka na zata. Ɗazu na bi sawun wani. Ya tashi daga Hawata, jikansa ya sauka Doka, tattaɓa-kunne ya fice ta gefen allo. Ni na ce su riƙa matsawa gabas kamar kakanninmu, na manta ban rufe iyakar gabas ba."

Atine ta tafa hannu, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Makka suka tafi! Allah ya karɓa. Sun fi kakanka zuciya. Shi ya baro Haɗejiya da niyyar hajji, ya ga dawar Gadarif ya ajiye sanda."

"Ba dawa ya gani ba, ke ya gani. Tsautsayi."

"To ni na tsayar da namiji sukutum, ba karatu ba na'ura. Kai ɗigo ka kasa tsarewa."

"Da me kika tsayar da shi? Da haƙoran nan biyu?"

"Lokacin suna cike, ya walad, kai yaro, in na yi murmushi har masu lori sai sun taka birki."

"Tsoro ne."

Yana magana, ido na kan allo. Ya riga ya yi wa gabas katanga, ya sake kunnawa. Ɗige-ɗigen suka yi ta rarrafe. Na farko ya isa gefe. Mujtaba ya riƙe numfashi. Ɗigon ya bugi katanga, ya dawo. Na biyu ma haka. Ya duba arewa wajen Shuwak, ya duba yamma, ba wanda ya fita.

"Duba kudu da kyau," in ji Atine. "Gwamnati ma ta can nata suka zube."

Ya duba. A rufe take. Zuriya bayan zuriya, taswira cike maƙil. Ya sauke ajiyar zuciya, ya kwanta rigingine.

"Alhamdulillahi. Halas, an gama, Hartum sai gobe."

"Ka hana bayin Allah sauke farali, kana murna."

Ya tashi zaune yana dariya.

"Na sallama, amarya. Katangar nan sunanki zan sa mata. Ba a taɓa wuce ki ba."

"Sa. Amma ka bar mini 'yar ƙofa ta gabas. Ni ban haƙura ba."