Taransista a Sikelin Zinari

Ana gobe Juma'a lasifikar masallacinmu ta mutu. Mai gyara a Anka ya ciro wata 'yar taransista mai ƙafa uku da ta ƙone, ya ce sai an auna wutar da take riƙewa kafin a sa madadinta.

Ni za a gaya wa awo? Na daɗe ina auna zinari, ga shi na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na kwaso kayanmu na dawo gida, na ɗora taransistar a sikeli, na zaɓo mai nauyinta daidai daga tsohuwar rediyo, na liƙa.

Washegari ladan yana cewa "Allahu," sai hayaƙi ya turnuƙe daga lasifikar.

Liman ya waigo. "Malam, wanga aiki naka na?"

Har yau in na gifta, mahauta kan ce, "Injiniya, zo auna muna lantarki kilo guda!"