Mita a Kan Babur ɗin Kaka

"...To ya ƙarfin jiki? Ko da yake ba sai na tambaya ba, tunda yau babur ne ya hau ka."

"Lafiya lau, ɗan nema. Motsa jini nake yi. Matsa mini benci."

Kaka ya jingine babur ɗin a bakin shago, ya zauna yana haki a ɓoye. Tun daga kwanar titi ya turo shi. Jikansa, wanda unguwa ke kira Mai Wayarin saboda gyaran wutar babura ne sana'arsa, ya miƙa masa ruwa kamar bai lura ba. Karo na uku ke nan a wata guda batir yana mutuwa a hanya, ga shi gwiwar Kaka ta daina buga kik. Jiya Baffa, babban ɗan Kaka, ya yanke hukunci ta waya: a duba, in laifin babur ne a gyara, in na mahayi ne a zare makulli a kai masa, hawan ya isa haka. Kaka ya ji labarin, jikan ma ya san ya ji, amma ba wanda ya tayar da zancen.

Mai Wayarin ya ɗauko wata 'yar aba baƙa da ba ta wuce akwatin ashana ba, da wayoyi biyu suna reto.

"Wannan fa?"

"Mita ce. Ita za ta riƙa faɗin ƙarfin batir."

"'Yar rahoto dai. Baffanka ne ya aiko ta?"

"Ni na zaɓo ta. Na nemi mai auna ƙarfin tsoho, aka ce lambobinta ba sa sauka ƙasa haka."

"Ranar da aka haife ka, a kan babur ɗin nan na je ganinka. Da na ga kunnuwan, sai da na tambaya ko akwai wani a ciki da za a canza."

"Shi ya sa kakata take cewa ni ne mijinta na gaskiya, kai riƙon ƙwarya kake yi."

"Je ka ɗauke ta. Maganin ƙafarta kaɗai zai rufe maka shago."

Ya kwance fitilar gaba, ya lalubo wayar da ke kawo wuta in an murɗa makulli, ya feƙe ta, ya haɗa jar wayar mitar, ya naɗe da salatif. Baƙar kuma ya ɗaure ta a jikin ƙarfe. Kaka ya miƙa wuya yana kallo kamar mai jiran a yi kuskure.

"Ga batir can a ƙasa, kana ta lalube a sama. Wa ya koya maka aiki?"

"In na kai ta kan batir kai tsaye, ko an kashe babur ci za ta yi ta yi. Irinka in an bar ka da tukunya."

Ya ɗaure mitar a kan babur inda ido zai gani, ya buga kik sau ɗaya, injin ya tashi. Jajayen lambobi suka fito: sha biyu. Ya ja totur, suka haura sha huɗu suka tsaya cak. Ya so a ce koyil ne ya ƙone, ko wata waya ta tsinke, abin da zai gyara ya sallami kowa. Amma babur ɗin caji yake yi lafiya ƙalau.

"Me ta ce?"

"Ta ce babur lafiyarsa lau."

"Maƙaryaciya. Daga ganinta danginku ce."

"Tashi ka ja mu. Duk inda kake bi kullum, nan za mu bi, ni ina baya ina kallonta."

Suka hau. Gudun Kaka kuwa, wata mata da bokitin ruwa a kai ta wuce su, har ta waiwayo ta yi musu sannu. Mitar ta tsaya a sha biyu, ba ta ko motsa.

"Kaka, tafiya muke yi ko jiran wani?"

"Mai sauri ya sauka ya yi gaba."

A wata ƙofa mai koren fenti Kaka ya rage gudun da dama babu shi, ya danna hon, dogo, sau uku. Lambobin suka zube zuwa goma. Wata tsohuwa ta ɗaga labule ta ɗaga hannu, suka wuce. Gida huɗu a gaba, hon sau uku. Bayan shagon tela, hon sau uku. Mai Wayarin ya fara ƙirgawa. Kafin su zagayo shago ya ƙirga ƙofa goma sha bakwai, mitar kuwa tana lilo a sha ɗaya.

Ya sauka, ya zare makullin, ya riƙe a hannu.

"An kama ɓarawo. Ba ka gudun da batir zai yi caji, sannan ɗan abin da ya tara ka rabar wa unguwa. Hon hamsin da ɗaya, Kaka. Motar ɗaukar marasa lafiya ma tana hutawa."

"Gaisuwa ce."

"Bakinka fa? Shi ba ya cin batir."

"In na tsaya gaisuwar baki a gida goma sha bakwai, sai la'asar. Kuma duk kurame ne."

"Su wa ke nan?"

"Abokaina. Da su muka yi aikin masaƙa." Kaka ya gyara hularsa. "Biyar ne suka rage. Su in na danna ba su leƙo ba, sai in sauka in shiga in ga ko lafiya."

"Sauran sha biyun fa? Wa kake yi wa hon?"

"Matan waɗanda suka rasu. Ranar da aka kai mutum, sati guda ake cika gidan, daga nan ɗif, ko kare ba ya tsayawa a ƙofar. To ni ina tsayawa."

Ya faɗe shi ne yadda ake faɗin farashin fetur. Tausayi ya kama Mai Wayarin, da kunya, don shi kansa ya fi wata uku bai taka gidan Kaka ba, ga shi ƙafarsa lafiya. Makullin ya yi masa nauyi a hannu.

"In sa maka ƙararrawar keke?"

"Ka sa wa Baffanka a wuya."

Mai Wayarin ya shiga ciki, ya sauko da sabon batir daga kan kanta, wanda ya fi tsohon girma, ya durƙusa ya ɗaura shi. Sannan ya kira Baffa a gaban Kaka.

"Baffa, an duba. Batir ne ya yi wa aikin kaɗan, na canza shi. Mahayin? Mahayin ba shi da gyara, amma ba shi ne ya lalace ba."

Ya kashe wayar ya miƙa makullin.

"Duk safiya ka fara hawa babban titi, ka ja shi har mitar ta nuna sha huɗu, minti goma. Sannan ka je ka damu mutane."

Kaka ya karɓa ba godiya. Ya danna sitata, injin ya amsa nan take. Ya ɗan kalli lambobin, ya gyaɗa kai.

"Wannan batir ɗin, hon nawa zai ɗauka?"

"Me ya sa kake tambaya?"

"Akwai gida shida a bayan kasuwa da na daina zuwa tun bara, don tsohon ba ya kai ni."

Dariya ta ƙwace wa Mai Wayarin har sai da ya dafa benci.

"Ka ci, tsoho. Je ka."

Kaka ya juya kan babur ya nufi bayan kasuwa.